Bagadi ko Teburin Rajista: Abin da Ɗan Katolika Zai Sani Kafin Ya Koma Garaku Ɗaurin Aure

Duk ƙarshen shekara, da kuma makonnin da ke biyo bayan bikin Ista, hanyar da ta tashi daga Abuja ta ratsa Mararaba da Masaka da Keffi ta nufi Akwanga takan cika da motocin 'yan biki. Da yawa daga cikin masu tafiyar ma'aikatan gwamnatin tarayya ne da suka ɗauki hutu domin halartar ɗaurin aure a gida, nasu ko na 'yan'uwa. Wasunsu a Garaku suke sauka, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kokona, garin da Musulmi da Kirista ke cin kasuwa ɗaya, kuma Hausa ce ke haɗa Gwandara da Mada da Eggon da Afo da sauran ƙabilun yankin.

Ga ɗan Katolika da ya fito daga wannan yanki, aure na da ƙofa uku. Ta farko gidan iyayen amarya, inda ake biyan sadaki a cika al'ada. Ta biyu ofishin rajistar aure, abin da jama'a suka fi sani da auren kotu, duk da cewa ba alƙali ke ɗaura shi ba. Ta uku majami'a, a gaban fada. Tsadar rayuwa da ƙarancin lokaci sun sa matasa da dama na tambayar ko ɗaya daga cikinsu ba za ta wadatar ba, sai ka ji ana muhawara a kan wanne ya fi, na coci ko na kotu.

Tambayar a haka ba ta zauna daidai ba. Dokar coci da dokar ƙasa kowace na da abin da take nema, kuma babu wadda ke cike gurbin 'yar'uwarta. Mutum na iya zama mai aure a idon gwamnati alhali coci na kallonsa a matsayin wanda bai yi ba. Haka kuma ana iya yin gagarumin biki a majami'a, da farar riga da zobe, amma ranar da aka je gaban alƙali a ce babu auren doka. Wanda ya fahimci wannan tun da wuri zai iya cika sharuɗɗan biyu a zama ɗaya. Wanda bai fahimta ba yakan gane ne ranar da rigima ko rasuwa ta auku, kuma galibi mace ce ke ɗaukar asarar.

Abin da coci ke kira aure

Ƙa'idojin auren Katolika na cikin kundin dokokin coci da Fafaroma John Paul na Biyu ya ƙaddamar a ranar 25 ga Janairun 1983, daga doka ta 1055 zuwa ta 1165. Kundin ya ɗauki aure a matsayin alkawarin zaman tarayya na tsawon rai tsakanin namiji da mace, domin amfanin junansu da haihuwa da tarbiyyar 'ya'ya. Idan dukkansu biyu sun yi baftisma, auren ya zama sakramenti. Doka ta 1056 ta kafa ginshiƙai biyu: mace ɗaya ga namiji ɗaya, da kuma rashin warwarewa. Doka ta 1057 ta ce amincewar ango da amarya ita ce ke ƙulla aure, kuma babu wani mahaluki, ko uba ko sarki, da zai iya bayar da ita a madadinsu.

Sai dai amincewar kaɗai ba ta isa ga ɗan Katolika ba. Doka ta 1108 ta shar'anta cewa a furta ta a gaban bishop, ko fadan da ke riƙe da ikilisiyar, ko wani fada ko dikin da aka wakilta, tare da shaidu biyu. Doka ta 1117 ta ce wannan sharaɗi ya hau kan duk auren da aƙalla ɗaya daga cikin ma'auratan ya yi baftisma a Cocin Katolika ko aka karɓe shi cikinta, ko da kuwa ya jima bai leƙa majami'a ba.

Wannan ƙa'ida tana da tarihi. Shekaru aru-aru a Turai coci na amincewa da auren da saurayi da budurwa suka ƙulla su kaɗai, ba shaida. Abin ya haifar da ɓarna: namiji ya yi wa mace alkawari a ɓoye, ya zauna da ita, daga baya ya musanta ya auri wata a fili, ta farkon ba ta da hujja. Domin toshe wannan kafa ne Taron Trent ya fitar da dokar Tametsi a 1563, wadda ta wajabta fada da shaidu. Dokar ta yi aiki ne a wasu wurare kawai, ba ta game sauran ba sai da Fafaroma Pius na Goma ya faɗaɗa ta da dokar Ne Temere ta 1907, wadda ta soma aiki a 1908. Asalin sharaɗin ke nan: a samar wa aure hujjar da ba za a iya musantawa ba.

Wanda ya tsaya a rajista kaɗai

Idan ɗan Katolika ya je ofishin rajista ya ɗaura aure ba tare da izini na musamman daga bishop ba, coci ba ta ɗaukar wannan a matsayin aure. Ba a kore shi daga ikilisiya ba, yana da damar zuwa Misa, kuma doka ta 868 ta ba da damar yi wa 'ya'yansa baftisma muddin akwai kyakkyawan zaton za a tarbiyyantar da su cikin addinin. Amma bisa koyarwar da Fafaroma John Paul na Biyu ya nanata a wasiƙarsa ta Familiaris Consortio a 1981, irin waɗannan ma'aurata ba sa karɓar komuniyon har sai sun gyara lamarin. Matsayin nasu yakan kuma hana su tsayawa uba ko uwar baftisma ga ɗan wani. A gari irin Garaku, inda kowa ya san kowa, zama a kujera lokacin da sa'o'i ke tashi zuwa bagadi ba ƙaramin abu ba ne.

Gyaran yana da hanya biyu. Ta farko ita ce ma'auratan su sake furta amincewarsu a gaban fada da shaidu biyu, abin da mutane ke kira sa wa aure albarka, ko da yake a idon coci ranar ce aka ɗaura auren. Ta biyu tana cikin doka ta 1161 zuwa ta 1165, inda bishop ke inganta auren daga tushe ba tare da an sake furuci ba, idan amincewar farko tana nan. Wannan na taimakon wanda abokin zamansa ya ƙi zuwa majami'a yana cewa shi ya riga ya yi aure. A wasiƙarsa ta Amoris Laetitia ta 2016, Fafaroma Francis ya buƙaci limamai su jawo irin waɗannan iyalai a jiki da haƙuri, ganin cewa da yawa talauci ne ko al'ada ta tsayar da su, ba raina addini ba.

Akwai wani ɓangare da ke ba mutane mamaki. Sharaɗin fada da shaidu bai hau kan wanda ba Katolika ba. Saboda haka idan 'yan cocin ECWA biyu, ko 'yan ERCC mai hedikwata a Alushi, suka ɗaura aure a majami'arsu ko a rajista, Cocin Katolika na ɗaukar auren ingantacce. Haka take kallon auren Musulmi biyu. Ma'ana, 'yar Katolika da ta kamu da son bazawarin da kotu ta raba shi da matarsa ta farko za ta iya tarar da cewa, a lissafin cocinta, mutumin yana nan da igiyar aure a wuyansa.

Abin da dokar ƙasa ke nema

Nijeriya ta amince da aure iri uku: na Musulunci, na gargajiya, da na doka. Na ukun yana ƙarƙashin Dokar Aure wadda asalinta ya koma 1914. Babu wani rukuni na huɗu mai suna auren coci. Biki a majami'a yana zama auren doka ne kawai idan ya bi matakan da wannan doka ta shimfiɗa.

Mataki na farko shi ne shigar da sanarwa a ofishin magatakardan aure. Za a liƙa ta domin duk mai ƙorafi ya fito. Bisa sashe na 11, bayan kwana 21, kuma kafin cikar wata uku, magatakarda zai ba da takardar izini, idan an yi rantsuwa cewa ɗaya daga cikin masu neman auren ya zauna a yankin aƙalla kwana 15, cewa kowannensu ya kai shekara 21 ko ya samu rubutaccen izinin iyaye, cewa babu dangantakar da ta haramta auren, kuma babu wanda ke da auren gargajiya da wani mutum daban. Idan wata uku suka shige ba a ɗaura ba, sai an sake sabon lale.

Da wannan takarda a hannu, ma'aurata na da zaɓi. Za su iya ɗaurawa a ofishin magatakarda tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma. Ko kuma, bisa sashe na 21, su ɗaura a wurin ibada mai lasisi, a hannun limamin da cocin ta amince da shi, ƙofa a buɗe, tsakanin ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma, a gaban shaidu biyu ko fiye. Sashe na 22 ya hana limami ɗaura irin wannan aure sai an miƙa masa takardar magatakarda. Bayan an gama, fada da ango da amarya da shaidu za su sa hannu a takardar shaidar aure ta gwamnati. Ɗaya ta ma'aurata ce, ɗayar kuma a aika wa magatakarda cikin kwana bakwai.

Wannan tsari ya bambanta da na Faransa, inda tun 1792 auren hukuma ne kawai doka ta sani, kuma dole a fara da shi kafin na addini. Na Nijeriya ya fi kama da na Ingila, inda biki ɗaya a majami'a mai rajista ke iya ɗaukar nauyin biyu. Don haka ɗan Katolika a Garaku ba sai ya zaɓi tsakanin imaninsa da kariyar doka ba. Ita kanta coci, a doka ta 1071, ta hana fada halartar auren da dokar ƙasa ba za ta amince da shi ba sai da izinin bishop.

Batun ofishin da za a je ya taɓa zama abin jayayya. Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya ƙulla auren doka da warware shi cikin hurumin tarayya, amma ya lissafa rajistar haihuwa da mutuwa da aure cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Wannan ya kai Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida da wasu ƙananan hukumomi gaban kotu, har wani hukuncin Babbar Kotun Tarayya a Legas a Disambar 2021 ya tayar da hankalin waɗanda suka yi aure a rajistar Ikoyi, sai da ma'aikatar ta fito ta ce takardunsu na nan daram. Darasin ga mai shirin aure shi ne ya tambayi fadan ikilisiyarsa ofishin da suke karɓar takarda daga gare shi, ya kuma tabbatar majami'ar da za a yi bikin na da lasisi. Wannan ya fi muhimmanci a ƙauyuka, domin ikilisiya ɗaya kan kasance da ƙananan majami'u masu yawa da katikis ke kula da su, kuma lasisi na gini ne, ba na ikilisiya baki ɗaya ba.

Darasi daga Abatete da Inugu

Shari'u biyu da ɗaliban lauya ke karantawa har yau sun nuna girman haɗarin. A 1961 wasu ma'aurata masu suna Anyaegbunam sun yi biki a wata majami'ar Katolika a Abatete, cikin Jihar Anambra ta yanzu. Da zama ya yi tsami, matar ta garzaya kotu tana neman haƙƙinta a matsayin matar auren doka. Mijin ya ce abin da aka yi a coci albarka ce kawai a kan auren gargajiya. A 1973 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ba a tabbatar da auren doka ba, domin takardar da fada ya bayar ba ita ce Dokar Aure ta tanada ba. Ƙarar matar ta faɗi.

A ɗayar shari'ar, ta Obiekwe a 1963, an ɗaura auren ne a majami'ar Katolika a Inugu ba tare da takardar magatakarda ba, amma kotu ta tabbatar da shi. Dalili kuwa sashe na 33 ya ce aure na ɓaci ne idan ma'auratan biyu sun san an tsallake sharaɗin kuma da gangan suka amince. Kotu ta gamsu cewa sun shiga da niyyar yin cikakken aure.

Biki iri ɗaya, coci ɗaya, sakamako daban. Babu mai hankalin da zai so makomar iyalinsa ta rataya a kan yadda alƙali zai fassara abin da ke zuciyarsa shekaru goma ko ashirin da suka wuce, alhali jiran kwana 21 zai kawar da shakkar.

Sadaki da abin da ke biyo baya

A yankin Kokona, kamar sauran sassan ƙasar nan, babu wanda ke ɗaukar mace a matsayin matar aure idan dangi ba su zauna ba. Limamai ma kan so su ji cewa iyaye sun sa albarka kafin a tsayar da rana. Dokar Aure ba ta hana mutum ya auri mace ɗaya sau biyu ba, da farko a gargajiyance sannan a dokance. Kotun Ƙoli ta duba irin wannan a 1996 a shari'ar gadon Cif Festus Okotie-Eboh, Ministan Kuɗi a Jamhuriya ta Farko, wanda ya auri matarsa bisa al'ada sannan ya sake ɗaurawa da ita a rajista a 1961. Kotun ta ce auren na biyu bai soke wasiyyar da ya rubuta a tsakani ba.

Abin da dokar ta hana shi ne ƙari. Sashe na 35 ya ce wanda ya yi auren doka ba shi da ikon ƙulla auren gargajiya da wata muddin na farkon na nan, kuma dokar ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar ga wanda ya yi hakan. A nan dokar coci da ta ƙasa suka haɗu. Matar da aka tsaya da ita a sadaki da albarkar fada, ba takardar gwamnati, tana da hujja a gaban bishop idan miji ya yi mata kishiya, amma a gaban alƙali aurenta na gargajiya ne, wanda ya yarda da mace fiye da ɗaya.

Ga wanda ya shigo addinin yana da mata da yawa tun kafin baftisma, doka ta 1148 ta ce ya zauna da ta farko, ko idan hakan ya yi masa wuya ya zaɓi ɗaya, tare da wajabta kula da bukatun sauran bisa adalci.

Tsakanin Abuja da gida

Ma'aikacin da ke zaune a Kubwa ko Nyanya yana ƙarƙashin Babbar Dayosis ta Abuja, wadda Babban Bishop Ignatius Kaigama ke jagoranta tun 2019. Garaku kuwa tana cikin Dayosis ta Lafiya, wadda aka kafa a Disambar 2000. Bishop Matthew Ishaya Audu ne ya fara riƙe ta kafin a mayar da shi Jos a 2020, sannan Bishop David Ajang ya gaje shi a 2021.

Wannan iyaka tana da tasiri. Doka ta 1115 ta ce a ɗaura aure a ikilisiyar da ɗaya daga cikin ma'auratan ke zaune, ko ya zauna aƙalla wata guda. Yin sa a wani wuri na bukatar izinin fadan ikilisiyar mutum ko bishop. Idan ango da amarya duka a Abuja suke, sai sun karɓi wasiƙa daga can zuwa gida. Haka fadan da aka gayyato daga wani wuri, ko da ɗan'uwan ango ne, ba zai ɗaura ba sai mai ikilisiyar ya wakilta shi, in ba haka ba auren bai inganta ba.

Za a nemi sabuwar takardar baftisma daga majami'ar da aka yi wa mutum tun yana jariri, domin a littafin baftisma ake rubuta duk auren da ya taɓa yi. Za a yi wa kowannensu tambayoyi shi kaɗai. Za a yi shelar auren a majami'a, galibi Lahadi uku a jere, domin mai magana ya yi. Akwai darussan shirin aure da kan ɗauki watanni, kuma ikilisiyoyi da yawa na neman sakamakon gwajin jini, musamman na sikila. Duk wanda ya haɗa wannan da kwana 21 na rajista da sharaɗin zaman kwana 15 zai ga cewa hutun mako biyu a Disamba ba zai isa ba. Shirin na farawa ne tun damina.

Idan addini ko jini ya gitta

A gari mai cuɗanya irin Garaku, soyayya ba ta tambayar ɗarika. Auren ɗan Katolika da Kiristan wata coci na bukatar izinin bishop, bisa doka ta 1124. Aurensa da wanda bai yi baftisma ba, kamar Musulmi ko mai bin addinin gargajiya, ba ya inganta sai bishop ya ɗage hanin da ke doka ta 1086. A duka biyun, ɗan Katolikan zai yi alkawarin riƙe addininsa da yin iya ƙoƙarinsa wajen ganin 'ya'ya sun tashi a cikinsa, kuma dole a sanar da ɗaya ɓangaren wannan alkawari. Ba a neman wanda ba Katolika ba ya sauya addini, amma dole ya amince da mace ɗaya da zama na har abada. Shari'ar Musulunci ma na da nata iyakoki, domin ta yarda namiji Musulmi ya auri Kirista amma ba ta yarda Musulma ta auri wanda ba Musulmi ba. Gara a zauna a tattauna waɗannan tun kafin a kai kuɗin gaisuwa.

Idan akwai babban dalili, bishop na iya ɗage sharaɗin yin bikin a gaban fada, a yi shi a wata majami'a ko ma a rajista, kuma coci ta karɓe shi. Abin da doka ta 1127 ta hana shi ne a ɗaura sau biyu a wuraren ibada biyu.

Auren zumunci ma na da iyaka. Doka ta 1091 ta hana aure tsakanin ɗan wa da 'yar ƙani, ko ɗan mace da 'yar namiji, sai da sassaucin bishop. Game da haihuwa kuwa, doka ta 1084 ta fayyace cewa rashin haihuwa ba ya hana aure kuma ba ya ɓata shi. Wannan na da muhimmanci a inda dangin miji ke fara gunaguni bayan shekara biyu ba goyo, ko ke cewa a jinkirta zuwa coci sai an ga ciki.

Ranar rabuwa

Auren doka Babbar Kotu ce kaɗai ke raba shi, ƙarƙashin dokar shari'un aure ta 1970. Dalili ɗaya ta sani: cewa auren ya lalace ba gyara, wanda ake tabbatarwa da hujjoji irin su zina, ko ƙaurace wa abokin zama na shekara guda, ko zama a rabe na shekara biyu idan ɗayan bai ƙi sakin ba, ko na shekara uku. Ba a shigar da ƙara kafin aure ya cika shekara biyu sai da izinin kotu, in ban da wasu 'yan dalilai. Kotun na da ikon yanke hukunci a kan ciyarwa da riƙon 'ya'ya da rabon dukiya.

Coci ba ta da saki. Doka ta 1141 ta ce auren masu baftisma biyu da aka ɗaura daidai, suka kuma san juna, mutuwa ce kaɗai ke raba shi. Abin da kotun coci ke iya yi shi ne ta bincika ko tun farko an yi aure na gaskiya. Idan ta tabbata an tilasta wa yarinya, ko an yaudari wani a kan babban lamari, ko ango ya shiga da niyyar ƙara mata daga baya, za ta iya bayyana cewa auren bai ƙullu ba. A 2015 Fafaroma Francis ya sauƙaƙa wannan bincike, ya soke sharaɗin sai kotuna biyu sun yi hukunci iri ɗaya, ya kuma ba bishop ikon yanke shari'ar da hujjarta ta fito fili cikin gajeren lokaci. Sai dai hukuncin Babbar Kotu ba ya buɗe ƙofar sabon aure a majami'a, kuma hukuncin kotun coci ba ya goge suna daga littafin magatakarda. Wanda ya shiga ta ƙofa biyu, ta biyun zai fita.

Fayil ɗin ofis

Ga ma'aikacin gwamnati, takardar aure na da aiki tun kafin a kai ga rigima. Inshorar lafiya ta ma'aikata na ɗaukar ma'aikaci da matarsa ko mijinta da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ofisoshin jakadanci kan nemi hujjar aure kafin su ba iyali biza idan an tura mutum aiki ko karatu waje. Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa ma'aikata inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, kuma kuɗin da ke asusun fanshon mamaci ana sakin su ne bisa wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da gado. Rubuta sunan mutum a fom a matsayin makusanci bai mayar da shi magaji ba.

Auren gargajiya da na Musulunci halastattu ne a duk waɗannan wurare. Bambancin yana wajen hujja. Matar da ke riƙe da takardar gwamnati za ta ajiye ta a kan tebur. Wadda ba ta da ita za ta dogara da rantsuwa da shaidar dangin miji, waɗanda a wasu lokuta su ne abokan jayayyarta.

Batun kuɗi

Babban abin da ke tsayar da mutane a sadaki ko a rajista shi ne tunanin cewa auren coci sai mai hali. Amma zauren taro da anko da shanu da makaɗa ba sa cikin kundin dokokin coci. Abin da ta nema fada ne da shaidu biyu. Doka ta 848 ta hana limami neman fiye da abin da hukumar coci ta ƙayyade, ta kuma ce kada talauci ya hana kowa samun sakramenti. Ana iya ɗaura aure a Misar safe ta ranar aiki, kuma ikilisiyoyi da dama kan shirya ɗaurin aure na haɗaka ga waɗanda suka daɗe tare.

Saboda haka mai shirin komawa Garaku da amarya na da tambayoyi huɗu da zai kai wa fada tun kafin a buga katin gayyata: ko majami'ar na da lasisin ɗaura aure, wane ofishin rajista za a shigar da sanarwa, wace wasiƙa ake bukata daga ikilisiyar Abuja, da kuma wace takarda za a sa wa hannu ranar bikin, ta gwamnati ko ta coci kaɗai. Iyayen amarya sun fi kowa cancantar jin amsar ta ƙarshen, domin 'yarsu ce za ta nemi takardar wata rana.